Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya: Haɗa Takardun Aikin Malami Cikin Fayil Guda

Jawabin da Kwamitin Walwala da Jin Daɗin Malamai ya gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, NUT, na Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa

 



Muna yi wa kowa barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Jalli da Marke da Tattarawa da Gargari da Ɗanguguwa, da waɗanda suka biyo hanyar Katsina daga Dawanau da Tumfafi da Kwa. Allah Ya saka da alheri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Reshe ya ɗora wa wannan kwamiti nauyin yin bayani a kan wani aiki da ake ganin ƙarami ne, wato yadda malami zai tattara takardunsa da yawa ya mayar da su fayil guda ɗaya domin aikawa ta intanet. Wani zai ce wannan ai aikin yaran shagon kwamfuta ne, me ya kawo shi zauren ƙungiya? Abin da ya kawo shi shi ne albashi da ƙarin girma da fansho. Duk ukun suna rataye da takarda, takardar kuma a yau ba kasafai ake miƙa ta hannu da hannu ba. Ɗora ta ake yi a shafin hukuma, inda babu magatakardan da zai ce maka, “Malam, shafi na uku bai fito ba, koma ka sake.” Na'ura ce za ta karɓa ko ta ƙi. In ta karɓi abin da ba ya karantuwa, sai bayan watanni za ka ji labari, lokacin da sunanka bai fito a jerin sunaye ba.

Takardun da ke bin malami

Bari mu fara da lissafin abin da muke magana a kai. Malamin firamare da ya shekara ashirin yana aiki, in ya buɗe jakarsa, zai sami takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da shaidar gama firamare, da sakamakon WAEC ko NECO ko tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu, da takardar NCE, wataƙila daga Kwalejin Sa'adatu Rimi ta Kumbotso, ko Kwalejin Tarayya ta Bichi da ke maƙwabtaka da mu, ko Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. Wasu sun ƙara da digiri. Bayan waɗannan akwai takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatar da aiki, da takardun ƙarin girma ɗaya bayan ɗaya, da na canjin wurin aiki, da takardar biyan albashi, da katin lambar ɗan ƙasa ta NIN. Sai kuma shaidar rajista da Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 31 ta shekarar 1993, kuma tun 2017 sabon mai neman rajista sai ya zauna jarrabawar cancanta kafin a ba shi. In muka ƙirga, ba za su gaza goma sha biyu ba, wasunmu ma sun haura ashirin.

Shafukan hukumomi da na jami'o'i da na masu ba da tallafin karatu sau da yawa gurbi ɗaya tak suke bayarwa na ɗora takardu, kuma sukan iyakance nauyin abin da za a ɗora. Wannan gurbi guda shi ne mafarin maganarmu. Takardu goma sha biyu, ƙofa ɗaya: dole a ɗaure su dami guda kafin su shiga.

Mu mutanen gona ne, ba sai an koya mana ma'anar dami ba. Zangarniyar gero ba ta shiga rumbu a warwatse, sai an tara, an jera kai da kai, an ɗaure. Damin da aka ɗaure da sakaci yakan kwance a hanya, wanda aka cusa wa ƙaiƙayi kuwa nauyi kawai yake ƙarawa. Haka fayil yake.

Ba kuma yau malaman ƙasar Hausa suka fara fama da jera takardu ba. Littattafan kakanninmu na hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, a sa su cikin tadarishi, a zura a gafaka. Don kada tsari ya rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙa ta gaba a ƙasan wadda ya gama, ta yadda ko iska ta watsa littafin, almajiri zai bi kalma ya mayar da kowace warƙa mazauninta. Waɗannan bayin Allah sun fahimci cewa tara takardu daban, tsara su daban. Darasin bai tsufa ba.

Mene ne PDF, me ya sa ake nacewa a kansa?

Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da tsarin PDF a shekarar 1993. Manufarsa ita ce takarda ta fito da kamanni ɗaya a kowace na'ura aka buɗe ta, rubutu bai gusa ba, hatimi bai koma wani shafi ba. A 2008 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta karɓe shi ya zama tsarin kowa da kowa, shi ya sa a yau manhajoji barkatai suke iya yin sa da buɗe shi ba tare da an sayi kayan Adobe ba. Babban amfaninsa gare mu shi ne fayil ɗaya yana iya ɗaukar shafuka masu yawa a jere, yadda mai shi ya tsara su. Hoton waya kuwa kowane ɗaya zaman kansa yake yi. In ka aika wa jami'i hotuna goma sha biyar, sai ya buɗe goma sha biyar, kuma babu tabbacin zai gan su yadda ka jero.

Haɗawa ta intanet tafiyarta kamar haka take. Za ka shiga ɗaya daga shafukan da ke wannan aiki, irin su iLovePDF ko Smallpdf ko na Adobe kansa. Za ka zaɓi takardunka daga waya ko kwamfuta. Shafin zai nuna maka su ƙanana-ƙanana, ka ja wannan gaba, ka mayar da wancan baya, har tsari ya yi maka. Sai ka danna umarnin haɗawa, ka jira kaɗan, ka sauke sabon fayil. In layin sadarwa yana da kyau, aikin ba ya kai minti biyar. Sauƙinsa ne ma yake sa a yi masa riƙon sakainar kashi. Akwai wurare huɗu da ake tuntuɓe, za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: ɗaukar hoton takarda

Fayil ba ya fin abin da aka zuba masa kyau. In hoton asali ya dushe, babu manhajar da za ta dawo da shi. A shimfiɗa takarda a wuri mai faɗi, a kan abu mai duhu domin gefenta ya fito, a ɗauka da hasken rana a inuwar baranda, ba a tsakiyar rana ba, ba kuma da fitilar waya ba, musamman in takardar an lulluɓe ta da leda, domin ƙyalli yakan cinye daidai wurin suna ko lambar shaida. Kusurwoyi huɗu su fito. Yatsa kada ya rufe kwanan wata. Takardar da ke da rubutu ko hatimi a bayanta a ɗauki bayan ma.

Ya fi kyau a yi amfani da sashen ɗaukar takardu da ke cikin Google Drive a wayoyin Android, ko manhaja irin Adobe Scan, maimakon kyamarar waya tsurarta. Waɗannan suna daidaita gefen takarda, su rage inuwa, su kuma ba ka damar ɗaukar shafi bayan shafi su fito a PDF guda tun daga farko. Wanda ya bi wannan hanya sau da yawa ba ya ma bukatar zuwa wani shafi domin haɗawa.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata kowa ya sani. In ka aika hoton takarda ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse shi domin ya yi sauƙin tafiya, ƙananan rubutu su lalace. In an sake tura shi daga waya zuwa waya, lalacewar na iya ƙaruwa. A aika shi a matsayin takarda, ta nan ne yake isa yadda yake.

Na biyu: nauyi

Nauyin fayil da kilobayit da megabayit ake auna shi, kilobayit kusan dubu ne ke yin megabayit ɗaya. Hoto guda na wayar zamani yakan kai megabayit uku ko fiye. A ce malama tana da takardu goma sha biyu, kowace megabayit uku, jimla talatin da shida ke nan. In shafin da za ta ɗora ya ce kada a wuce megabayit biyu, ta ninka ƙa'ida sau goma sha takwas. Nan ne mai shago yakan matse fayil ɗin da ƙarfi har ya shiga, malama ta biya ta tafi da murna, alhali sa hannun da ke kan takardar ƙarin girmanta ya zama tabo, lambar takardar NCE kuma ba a bambance 3 da 8.

Maganin wannan tun daga ɗauka yake. Na'urar ɗaukar takarda tana auna kyawun hoto da yawan ɗigo a kowane inci. Takarda mai girman A4 in aka ɗauke ta a ɗigo 300 tana ƙunsar ɗigo kusan miliyan 8.7. A ɗigo 200 kusan miliyan 3.9 ne, wato bai kai rabi ba. A ɗigo 150 kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ga wasiƙar ofis da aka buga da baƙin rubutu, ɗigo 200 ko 150 ba tare da launi ba ya wadatar, rubutu zai fito tsaf. A bar launi ga takardun da launinsu shaida ne, irin masu jan hatimi ko hoton fuska. In duk da haka fayil ya yi nauyi, a matse shi sau ɗaya da matsakaicin mataki, sannan a buɗe a duba. Matsewa a kan matsewa ita ce ke kashe takarda, kuma abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa. Saboda haka a ajiye na asali mara matsewa a gefe, kada a goge shi.

Na uku: tsari da daidaito

In sanarwar hukuma ta jero takardun da take so, a bi jerin nan ba ƙari ba ragi. In ba ta jero ba, shawararmu ita ce a fara da takardun shaidar kai, sai na karatu daga na ƙasa zuwa na sama, sai na aiki bisa kwanan wata, daga ɗaukar aiki zuwa ƙarin girma na ƙarshe. Jami'in da ke duba fayil ɗari a yini yana neman labarin aikinka ne a jere. In ya ga ƙarin girma zuwa mataki na 10 kafin na 8, sai ya koma baya yana lalube, mai lalube kuwa yakan gaji. Kowane shafi ya tsaya daidai, kada wani ya kwanta, wani ya yi kai ƙasa. A sa wa fayil suna mai ma'ana: sunan mai shi da lambar aikinsa da shekara, maimakon tarin lambobin da waya ke liƙa masa.

Akwai abubuwa biyu na fasaha da za mu ambata a taƙaice. Fayil ɗin da aka kulle da kalmar sirri, irin bayanan asusu da bankuna ke aikowa, ba ya haɗuwa da wasu sai an buɗe kullen. Takardar da ke ɗauke da sa hannun na'ura kuma, wanda ake tantancewa ta kwamfuta, haɗa ta da wasu yakan ɓata wannan sa hannu. In an nemi irinta, a aika ta ita kaɗai.

Amma abin da muke so a fi riƙewa a nan shi ne wannan. Lokacin da takardunka suke warwatse a jaka, saɓanin da ke tsakaninsu a ɓoye yake. Da zarar sun jeru a fayil guda, mai dubawa zai gan su kusa da kusa. Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, Muhammadu a ta uku. A nan sunan mahaifi ne a ƙarshe, a can sunan gari. Shekarar haihuwa a takardar rantsuwa daban da ta NIN. Da yawanmu an haife mu a lokacin da ba a rajistar haihuwa a karkara, hedimasta ne ya ƙiyasta shekara ranar da aka kai mu aji ɗaya, musamman a guguwar ilimin firamare kyauta ta 1976. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma shekarar haihuwa da ranar kama aiki su ne ke yanke ranar ritaya. Dokar tarayya ta 2022 ta sa ritayar malamai a shekara 65 da haihuwa ko 40 da aiki, kuma kowace ƙa'ida ce ke aiki a kan mutum, lissafin daga waɗannan ranaku biyu yake tashi. Saɓanin shekara biyu na iya zama albashin shekara biyu da za a ce an ci ba bisa ƙa'ida ba, a cire daga garatuti. Don haka kafin ka haɗa, zauna ka karanta takardunka kamar kai ne mai tantancewa. In ka ga saɓani, bi hanyar gyara ta doka: takardar rantsuwa daga kotu, da neman gyara a hukumar da ta ba da takardar. Rigakafi ya fi magani.

A nan dole mu yi kashedi da babbar murya. Kayan aikin da ke haɗa fayil, irinsu ne ke iya goge lamba a rubuta wata. Za a sami mai ce maka, “Malam, kawo in gyara maka, ba wanda zai gane.” Kada ka yarda. Wannan jabu ne, laifi ne a dokar ƙasa, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan ƙirƙirar bayanan ƙarya ta kwamfuta. Asalin takardar yana nan a fayil ɗinka na ofis, ranar da aka gwada biyun magana ta ƙare. Ƙungiya tana iya tsaya wa wanda aka yi wa kuskure, ta bi masa haƙƙinsa har inda ƙarfinta ya kai. Wanda ya sauya takarda da hannunsa ya ɗaure hannun ƙungiya. Ban da haka, mu ne muke hana yara satar amsa.

Na huɗu: sirri

Wannan shi ne mafi nauyi, shi ne kuma aka fi mantawa. In ka danna haɗawa a shafin intanet, a mafi yawan lokuta aikin ba a cikin wayarka ake yin sa ba. Takardunka suna tafiya ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, a wata ƙasa, a haɗa su a can, a dawo maka da sakamako. iLovePDF kamfanin Sifen ne, Smallpdf na Suwizalan. Sanannun kamfanoni sukan yi alkawarin goge abin da aka ɗora bayan sa'a ɗaya ko biyu. Amma shafukan da ke wannan aiki ba su ƙirguwa, wasu ba a san mai su ba, ba a san inda suke ba, kuma babu hanyar da malami zai bi ya tabbatar an goge.

Yanzu mu duba abin da ke cikin damin. Cikakken suna, ranar haihuwa, hoton fuska, lambar NIN, lambar aiki, matakin albashi, lambar asusun banki, sa hannu. Ɓarawon da a da sai ya bi ofis-ofis kafin ya tara waɗannan, mun tara masa su da hannunmu a wuri guda. Da irin waɗannan bayanai ake neman bashi da sunan mutum. Da su ne kuma ɗan damfara yake bugo waya ya kira ka da cikakken sunanka, ya faɗi matakin albashinka, ka saki jiki ka karanta masa lambar sirrin da banki ya turo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haɗarin da ya fi kusa da mu ma ba a Turai yake ba, a shagon kwamfuta yake. Malami ya gama ɗora takardunsa ya tashi, fayil ɗinsa yana nan a ma'ajiyar saukewa ta kwamfutar, wani lokaci imel ɗinsa ma a buɗe. Duk wanda ya zauna bayansa zai iya kwafewa. Ba muna zargin masu shaguna ba ne, yawancinsu 'ya'yanmu ne da ɗalibanmu masu neman halak, kuma sun fitar da mu kunya ba sau ɗaya ba. Amma kwamfutar da mutum hamsin ke taɓawa a yini ba ma'ajiyar sirri ba ce. In ta kama dole a yi aiki a shago, ka zauna a wurin har a gama, kada ka bar takardu ka ce za ka dawo. In an gama, a goge fayil a gabanka, daga ma'ajiyar saukewa da kwandon shara, da WhatsApp ɗin mai shago in ta nan ka tura. Ka fita daga imel ɗinka da hannunka. Wannan ba rashin yarda ba ne, haƙƙi ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ba kowa damar neman a goge bayanansa daga hannun wanda ya riƙe su ba tare da sauran dalili ba.

Mafi aminci shi ne a haɗa ba tare da takardu sun bar na'urar mutum ba. Akwai manhajoji na kyauta irin su PDF24 da PDFsam da ake sa wa kwamfuta sau ɗaya, daga nan su yi aiki ko babu intanet. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 ma tana iya mayar da hotuna da yawa PDF guda: a zaɓe su gaba ɗaya, a ba da umarnin bugawa, a zaɓi bugawa zuwa PDF maimakon na'urar buga takarda. Ga mu da muke zaune inda layin sadarwa yakan ɗauke, wannan hanya ta fi rahusa, domin ba a ƙona data wajen ɗora megabayit talatin da sauke su. Ƙa'idar da muke ba da shawara a kai mai sauƙi ce: jadawalin darasi da tsarin koyarwa da tambayoyin da an riga an yi jarrabawarsu, a haɗa su a kowane sanannen shafi. Duk abin da ke ɗauke da NIN ko BVN ko lambar asusu, a haɗa shi a cikin na'ura.

Shugabannin makarantu kuma, nauyinku biyu ne. Sakamakon ɗalibai da sunayen iyayensu da hotunan yara amana ce a hannunku. Yaro ɗan aji huɗu ba shi da bakin cewa kada a ɗora bayanansa a shafin da ba a sani ba. Ku ne bakinsa.

Bayan haɗawa

In fayil ya kammala, a buɗe shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe. A ƙirga shafuka, su yi daidai da yawan takardun da aka sa. A faɗaɗa wurin suna da kwanan wata da lamba, a tabbata suna karantuwa. In aka ɗora, a ajiye shaidar karɓa da shafin ya bayar, ko a ɗauki hoton fuskar na'ura da ke nuna an karɓa. Ranar jayayya, wannan ce hujjarka.

Sannan a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya: a waya, a filasha da ke gida, da kuma ma'ajiyar intanet ta mutum, wadda Google ke bayar da gigabayit 15 kyauta ga kowane mai asusu. A kulle wayar, a riƙe kalmar sirri da kyau, a sanar da amintacce ɗaya a cikin iyali inda takardun suke. Mun sha ganin iyalan abokan aikinmu da suka rasu suna fafutukar neman takardar ɗaukar aikin marigayi kafin a fara maganar haƙƙinsa, alhali gara ta cinye, ko ruwan damina ya jiƙa akwatin. Yin wannan tanadi kyautatawa ce ga marayun da ba mu san ranar da za mu bari ba. Duk da haka fayil ba ya maye gurbin takardar asali. A ranar tantancewa ta ido da ido ita za a nema, don haka a ci gaba da adana ta nesa da danshi da gara.

Abin da kwamiti ke roƙon reshe

An kafa wannan ƙungiya a Legas a shekarar 1931, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti ne shugabanta na farko, kuma dalilin kafa ta bai wuce wannan ba: abin da ya gagari malami ɗaya, malamai su taru su ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kan haka muke gabatar da roƙo guda huɗu.

Na ɗaya, reshe ya tanadi kwamfuta ɗaya da na'urar ɗaukar takarda a ofishinsa, da manhajar haɗawa mara bukatar intanet, a ƙarƙashin kulawar mutum sananne, bisa sharaɗin goge fayil ɗin kowa a gabansa da zarar an ba shi kwafinsa.

Na biyu, kowace mazaɓa ta fitar da malamai biyu, namiji da mace, waɗanda hannunsu ya faɗa da waya, a horar da su, su koma su koya wa sauran. Mun ce da mace ne domin da yawa daga malamanmu mata ba sa samun sukunin zuwa shago su yi layi, sai su ba wani ya kai musu, takardunsu su bi ta hannu uku kafin su dawo.

Na uku, a fara da iyayenmu da suka rage shekara biyar ko ƙasa da haka su yi ritaya. Su ne takardunsu suka fi tsufa, su ne saɓani ya fi yi wa illa, su ne kuma lokaci ya fi ƙure wa. Matasanmu su ɗauki wannan a matsayin hidima ga waɗanda suka koya musu riƙe alli.

Na huɗu, kada mu jira sanarwa. Sanarwar tantancewa takan zo da wa'adi gajere, ranar nan kowa ya ruga shago, layi ya yi tsawo, shafi ya cushe, a yi aiki cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon kowane malami ya kammala fayil ɗinsa kafin ƙarshen wannan zango, ya riƙa ƙara masa sabuwar takarda duk lokacin da ta fito.

'Yan'uwa, garin da ke ɗauke da Makarantar Sakandaren Kimiyya tun 1977, wadda ta yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, bai dace a ce malamansa suna rasa haƙƙinsu saboda shafin da ya kwanta ko hatimin da ya dushe ba. Aikin yini ɗaya ne, amfaninsa kuwa har bayan ritaya.

 Membobin kwamiti za su tsaya bayan an tashi domin duk mai son a nuna masa a wayarsa. Allah Ya tsare mana mutuncinmu da haƙƙinmu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa albarka a cikin yaran da muke koyarwa, Ya ba mu damina mai albarka.